Ƙwallon Dabino a Cikin Hula

Lallen hannunta na fara gani. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a garin da muke karatu a ƙasar Kirgistan, ina tsaye a ƙofar gidan kwanan ɗalibai, na rasa ko in fita ko in koma, sai ga wata yarinya ta miƙa tafinta sama, farin abin nan yana sauka a kan jan lalle yana narkewa. Na ce a raina, ga shafin farko. Ni mutum ne da ya tashi a kan littattafan soyayyar Yaya Rabi, waɗanda take haya a bakin tashar Wudil ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni kuma in ɗauke in tafi bakin kogi in karanta. A cikinsu duk haka ake fara haɗuwa. Ina cikin shirya kalmar da zan faɗa, sai ta yarfe hannun ta ce da Hausar Kano tsantsa, "Wannan wace irin masifa ce? Gari kamar cikin firji!"

Binta ke nan, ɗalibar likitanci. Tare ta zo da ƙanin mahaifiyarta, Kawu Sabi'u, mutumin Utai, ma'aikacin lafiya da ya samu izinin ƙaro karatu bayan furfura ta fara fito masa. Da ya ji daga Wudil nake, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ya rabu da su. Daga ranar ni ma Kawu nake ce masa. Ita kuwa Binta, tun da ta kama ni da wani tsohon littafin Yaya Rabi a cikin aji, ta daina kirana Nura, sai Jarumi.

Dillalin da ya samo mana makarantar ya yi mana alkawarin ɗaki mai ɗumi da abinci irin na gida. Muka tarar da taga a fashe, wanda ya riga mu zama ya toshe ta da safa. Muka kira lambarsa, ba ta shiga, har yau kuma ba ta shiga ba. In Umma ta kira ta ce, "Nura, ya sanyin? Kana dai cin abinci ko?" sai in ce da sauƙi, alhali ina kwance da riga a kan riga, ina tuna soyayyen kifin bakin gada da hayaniyar kasuwa ranar Juma'a. Har kukan shanun da ke hana ni barcin rana a gida na yi kewa.

Wanda ya sauƙaƙa mana zaman shi ne Aibek, ɗan ajinmu, ɗan ƙasar, mai ƙarancin magana. Shi ya nuna mana masallaci, shi ya nuna mana inda ba a tsawwala wa baƙo farashi, kuma duk ya je gida sai ya dawo mana da burodin mahaifiyarsa a naɗe cikin ƙyalle. Da Turancinsa mai ɗingishi da Rashancinmu mai rarrafe muke fahimtar juna. Don haka ranar da ya ce za a ɗaura auren ƙanwarsa a ƙauyensu da ke bayan duwatsu, kuma mahaifinsa ya ce lallai ya zo da baƙinsa, babu wanda ya tsaya tunani. Amaryar ta ga hoton hannun Binta a waya, ta ce ita ma irinsa take so. Binta ta yi mata alkawarin ƙunshi da lallen da ta taho da shi daga Kano. Kawu ya ware dabinon da yake ta tattali ya ce shi ne gudummawarmu. Ni kuma na ciro hular da ban taɓa sawa ba tun zuwana, na lulluɓe ta a cikin jaka. Kafin mu shiga mota muka naɗa Kawu shugaban tafiya, kamar yadda aka koya mana a gida.

An kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara da iska, amma ranar gari ya waye tas. Direban ya karɓi kuɗinsa cif tun a tasha, ya yi ta hawa da mu, hanya tana murɗewa kamar igiya, har muka zo inda aka gindaya ƙarfe aka tare titi. Ya ce mu sauka, ƙauyen yana bayan kwanar nan. Aibek ya yi masa magana da yarensu, muryarsa tana tashi, amma kafin mu gama sauke jakunkuna mutumin ya juya kan motarsa. Muka bi ta da kallo har ta ƙule. Na duba waya, babu sabis ko ɗigo.

Aibek ya ce ƙauyen ba a bayan kwana yake ba, amma akwai tsohuwar hanyar dawakai da ta ratsa ta gefen dutsen, in muka bi ta za mu isa kafin la'asar. Ya faɗa yana kallon sama, ba mu yake kallo ba. Na lura da hakan, sai na ce wataƙila ɗabi'arsa ce.

Da farko tafiyar ta yi mini daɗi. Duniya fara fat, rana tana ƙyalli a kanta, Binta a gabana da jan mayafi a kan rigar sanyi. Na riga na rubuta babin a kaina: za ta zame, in riƙo jakarta, ta ɗago ta kalle ni. Ga kuma sawun mutane da na doki a gabanmu, alamar wasu sun wuce da safe. Wannan sawun ya kwantar mana da hankali ƙwarai.

Muna cikin tafiya sai wani sauti ya fito daga ƙarƙashin ƙafafunmu, wuf, kamar an jefar da buhun gero a bayan katanga. Ƙasar da muke takawa ta ɗan zauna. Daga takalmin Aibek wata tsaga siririya ta tafi gefe da gudu, ta yi nisa kafin ta tsaya.

Na san wannan sautin. A bakin kogin Wudil, inda masu yashi suka ƙwaƙule ƙarƙashin gaɓa, haka take yi kafin ta rufta. Na kalli Kawu. Kawu ya kalli Aibek. Aibek ya kalli tsagar, ya ce, "Kun gaji? In kuna so mu ci gaba, sai mu ci gaba."

Kawu ya ce, "Ai kai ne ɗan gari. Yadda ka ce haka za a yi."

"Ku ne baƙi. Kun sha wahala saboda ni."

"Babu wata wahala. Hidimarka tamu ce."

Binta ta buga ƙafa ta ce, "To ku gama gaisawar mu tafi. Amarya tana can tana jira, lalle kuma ba ya kamawa a gaggauce. Jarumi, ka yi tsit. Ko littafin bai zo nan ba?"

Na ce, "Duk yadda Kawu ya ce."

Muka ci gaba. Yanzu da nake tunawa, abin da ya tura mu ke nan. Mu a gidanmu baƙo ba ya musa wa mai masauki, ƙarami ba ya tsallake maganar babba. Su ma a gidansu mai masauki ba ya ce wa baƙo ya koma daga ƙofa. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, karar kuma tana jan mu gaba kamar akuya a igiya.

Sautin ya sake fitowa, wannan karon har cikin haƙorana na ji shi. Numfashinmu kawai ake ji da ƙarar takalma.

Sai bishiyoyi suka ƙare. A gabanmu wani fili ne fari mai gangara, ya taso daga can ƙololuwar dutse ya sauka cikin wani kwazazzabo da ba ma ganin ƙasansa. Ko itace ɗaya babu a kansa. A samansa iska ta tara ƙanƙara ta yi leɓe, kamar rufin da ya zarce bango. 'Yan dunƙule-dunƙule suna gangarowa da kansu, suna barin layi a bayansu. Hanyar ta ratsa tsakiyarsa, a can ɗaya gefen kuma, ƙasa kaɗan, ga hayaƙin ƙauyen yana tashi. Har kamar ina jin kiɗa.

Aibek ya tsaya ya gyara jakarsa. Ya ce, "Nan ɗaya bayan ɗaya ake wucewa. Sai na kai can sannan wani ya taso. Kada a tsaya a tsakiya, kada a yi hoto."

Kawu ya ce, "Me ya sa ɗaya bayan ɗaya?"

"Don in ƙanƙarar ta zaftaro, ta ɗauki mutum ɗaya kawai, sauran su tono shi."

"Da me?"

Aibek ya kalli hannuwansa. Ya ce a hankali, in ta rufe mutum takan daskare kamar siminti, kuma lokacin da ake da shi kaɗan ne. Ya ce wani kawunsa yakan ce bayan sabuwar ƙanƙara da iska a bar dutse ya huta. "Amma ga sawu, wasu sun wuce," ya ƙara, kamar mai ba da haƙuri.

Binta ta ce, "To ka gani. Mu je mana."

Kawu ya ɗaga hannu. Ya mayar da mu baya cikin bishiyoyi, bayan wani ƙaton dutse, ya sauke jakarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Binta, kin tuna Kawunki Ado?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya juyo gare mu. "Ƙanina ne. Ranar kasuwa muka shiga kwale-kwale za mu haye. Mai jirgi ya yi ta loda mutane da buhuna har ruwa ya kusa baki. Wallahi kowa ya gani. Akwai dattijai a ciki, na ce ai su za su yi magana. Su kuma ashe suna jin nauyin mai jirgin, maƙwabcinsu ne. Da aka tsamo mu, duk wanda ka tambaya sai ya ce ai dama shi ya ga abin. Ado ba a same shi ba sai washegari." Ya share hanci da bayan safar hannu. "Ni ba zan sake tambayar mutane a fili su ce mini duk yadda na ce ba. Nura, ba ni hularka."

Na ciro ta. Ya buɗe ledar dabino ya ba kowa ɗaya, ya ce a ci a riƙe ƙwallon. Ya karɓi mayafin Binta ya rufe bakin hular. Ya ce kowa zai sa hannu a dunƙule ya fito da shi a dunƙule. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya saki ƙwallonsa a ciki. Ko guda ɗaya aka samu, komawa za mu yi, kuma babu mai tambayar na wane ne.

Binta ta ce, "Kawu, ko da mu uku muna son tafiya?"

"Ko da ku uku ne. Ran mutum ba a ƙuri'a a kansa. Ƙarami zai fara, don kada ya bi bakin babba."

Ni ne ƙarami. Na cire safar hannu, sanyi ya kama yatsuna kamar an sa musu wuta. Binta tana kallona, gira a ɗage. Duk jaruman Yaya Rabi suka taso mini a kai, masu tsallaka kogi da daji saboda kallo ɗaya. Babu ɗayansu da ya taɓa cewa a koma. Sannan na tuna leɓen ƙanƙarar nan, na tuna Umma tana tambaya ko ina cin abinci, na ga jan mayafin yana tafiya cikin kwazazzabo ni kuma ina tono da farce. Na sa hannu, na saki.

Binta ta sa nata, Aibek ya sa, Kawu ya sa. Ya yaye mayafin ya kifar da hular a tafinsa.

Ƙwallo ɗaya ne.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ni kaɗai ne matsoraci. Ni kaɗai na hana Aibek ganin auren ƙanwarsa, ga hayaƙin gidansu muna kallo.

Binta ta fizge mayafinta. "Tabɗi! Mun zo har bakin ƙofa. Ko wane ne wannan, Allah ya ba shi zuciya." Muryarta tana rawa, na ɗauka tsabar fushi ne.

Kawu ya ce, "An ce babu tambaya. Ni ne shugaba, a ɗora a kaina." Ya dafa kafaɗar Aibek. "Ka yafe mana, ɗana."

Aibek ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan ya ɗauki jakar Binta ya haɗa da tasa, ya juya, ya shige gaba.

Komawar ta fi zuwan wuya. Aibek ya sa muka ba juna tazara, muka bi sawunmu, duk inda muka ji sautin nan ɗazu sai in taka a hankali. Ina tafe ina kasa kunne ko zan ji rugugi a bayanmu. Kunya ce ta sa har na so in ji shi, don a san ban yi ƙarya ba. Dutsen ya yi shiru abinsa. Muka wuce ƙarfen da aka tare titi, muka yi ta gangarawa, yatsun ƙafata suka daina jin komai.

Rana ta kusa faɗuwa muka kai wani gida shi kaɗai a gefen titi. Wata tsohuwa ta leƙo, ta ga baƙaƙen mutane suna karkarwa, Kawu ya yi mata sallama, ta amsa ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba sai da ta zaunar da mu kusa da murhu, ta ba mu shayi mai madara da gishiri, ta kama hannuwan Binta tana murzawa tana faɗa da yarenta. Aibek ya ce cewa take yi wace uwa ce ta bar 'yarta ta hau dutse a irin wannan rana. Washegari titi bai buɗe ba, an ɗaura aure babu mu. Binta ta kwaɓa lallen amarya ta zana wa tsohuwar a hannu. Matar ta yi ta juya tafinta a gaban taga tana dariya, bakinta babu haƙori.

Gangaren bai zaftaro a ranar ba, bai zaftaro washegari ba. Masu dokin da muka ga sawunsu sun isa lafiya, har sun ci naman biki. Sai bayan mun koma makaranta Aibek ya ce gangaren ya rufta wata rana da hantsi, ya shafe hanyar dawakan, babu kowa a kai. Binta ta ce, "Ka ji, bayan kwanaki. Da mun wuce abinmu." Gaskiyar ita ce babu wanda ya sani. Aibek bai canza mana fuska ba, burodin ma bai daina zuwa ba, amma duk ya nuna mana bidiyon bikin sai in rasa inda zan sa idona.

Daga ranar Binta ba ta sake ce mini Jarumi ba. Nura kawai, a taƙaice. Na fahimci abin da hakan ke nufi, na naɗe maganar da na yi shekara ina shiryawa, ban taɓa faɗa mata ba. Muka gama, kowa ya kama gabansa. Na dawo Wudil na buɗe kantin magani, na yi aure, Allah ya ba mu zuri'a.

Shekaru suka wuce, Kawu ya aurar da 'yarsa a Utai. Ina tsaye a ƙarƙashin darbejiya bayan ɗaurin aure, sai na ji an ce, "Nura, ko gaisuwa babu?" Binta ce. Ta zama likitar tiyata a Kano, ga maigidanta can yana gaisawa da dattijai, ga yara suna jan zanenta. Muka gaisa, ya gida, ya aiki, ya iyali, ya bayan rabuwa. Wata mata ta wuce da faranti, Binta ta ɗauki dabino tana juya shi a hannu.

Ta ce, "Hular nan tana nan?"

Na ce tana nan, amma ban sake sa ta ba.

"Ka san ba ta da zurfi ko?"

Na ce ban gane ba.

"Ni ce ta biyu. Ina sa hannu yatsana ya taɓa ƙwallonka. Wallahi da niyyar saki na shiga, ƙafafuna ko ɗaukata ba sa yi. Da na ji naka a ciki sai na ce alhamdu lillahi, na riƙe nawa. Har muka isa gidan tsohuwar nan yana hannuna, sai da ya yi mini shaida a tafi." Ta yi 'yar dariya. "Kawu ma haka ya yi. Aibek ma ya gaya masa daga baya, shi ma haka. Duk a bayanka muka ɓuya."

Da ƙyar na ce, "To faɗan da kika yi fa?"

"Kunya ce. Ni na fi kowa cika baki, na rasa inda zan kai tsoron, sai na sauke maka. Ka yafe mini."

"Har sunan ma kika ƙwace."

Ta kalli yaranta, sannan ta kalle ni. "Da can tsokana ce. Daga ranar ya daina zama wasa, sai bakina ya yi nauyi."

Ta ce yanzu kafin ta sa wa mara lafiya wuƙa, sai ta tsayar da kowa a ɗakin tiyata, ta fara tambayar mafi ƙanƙanta ko akwai abin da bai kwanta masa ba, kuma ba ta barin babba ya buɗe baki sai ƙananan sun gama. Suna ce mata mai tsirfa, ba ta damu ba.

Maigidanta ya yi hon. A littattafan Yaya Rabi, nan ne ake cewa wani abu. Na ce ta gaida gida, Allah ya kiyaye hanya. Ta tura yaran cikin mota ta shiga, suka ɗauki hanyar Wudil za su haye gada. Da motar ta kai kwana sai ta zuro hannu ta taga ta ɗaga mini, jan lallen biki a tafinta.